Janar Kamus Ya Fita Harbin Hadari

In Allah ya so gari da arziki, wani ya ba shi kogi, wani ya ba shi ramin azurfa. Mu a San Fulgencio sai ya ba mu Don Eustaquio Portillo. Ba mu taɓa ƙorafi ba, don ko mun soma ba zai bari mu kai ƙarshen magana ba.

Shekara talatin da ɗaya ya yi yana shugaban makarantar firamare. Duk wanda ya iya rubuta sunansa a garin nan a hannunsa ya koya, kuma in ka duba da kyau kunnen mutumin na dama ya ɗan fi na hagu tsawo, don jan da ya sha. Da ya ajiye aiki, kowa ya zaci zai nemi inuwa da kujera kamar sauran tsaransa. Ina! Babban mutum ba ya hutawa duniya na lalacewa. Ya zauna ya dubi al'umma, ya gano inda take yoyo: mutane suna ta harbi, amma ba su san sunan abin da suke yi ba. Wata goma sha huɗu ya kulle kansa a ɗaki, ya fito da littafi mai shafi sittin da huɗu, Kalmomin Harbi Goma Sha Bakwai na Sifaniyanci da Yadda Mai Hankali Ke Amfani da Su. Ya kai birnin Puebla aka buga masa guda ɗari uku, da hotonsa a bango, ya tallafe haɓa, gashin baki ya miƙe hagu da dama kamar ƙahon sa. Ya ba limamin coci ɗaya, ya ba shugaban gari ɗaya, ya sa ɗaya a aljihun kwat. Sauran ɗari biyu da casa'in da bakwai suna cikin kwali shida a ƙarƙashin gadon yayarsa, Doña Herlinda, suna jiran ranar da jama'a za ta waye.

A gabansa Profe muke ce masa, kamar kowane malamin makaranta. A bayansa kuwa Janar Kamus. Ya san da sunan, kuma rabin farko bai taɓa ɓata masa rai ba.

Abin da ya ƙara wa aikinsa daraja shi ne bai taɓa harba komai ba. Ko danƙo bai ja ba da yana yaro. In wani ya yi ƙarfin halin tuna masa, sai ya yi murmushin tausayi ya ce, "Masanin taurari ya taɓa taka tauraro? Ɗan yatsa ke jan kunama, kuma ko biri yana da ɗan yatsa. Kalma ita ce ta ɗan Adam."

Wata Lahadi Melquiades maharbi ya ratso dandalin gari da zomaye biyu a kafaɗa. Yana cikin farin ciki, ya ɗaga su ya ce ya harbe su, sai tsautsayi ya sa bakinsa ya ɗauko kalmar fusilar. Janar yana zaune a bakin shagon aski. Ya miƙe a hankali, kamar alƙali.

"Tsaya nan, Melquiades. Ka yi musu shari'a?"

"Su wa, Profe?"

"Zomayen. Ka karanta musu laifinsu? Ka ɗaure musu ido, ka jingina su da bango, ka jera sojoji shida? Ba ka yi ba. To fusilar ta wanda hukuma ta yanke wa hukunci ce. Zomo tirar ake yi masa, ko disparar in kana gaban manya. In ka kwarara masa harsashi har ya koma rariya, wannan acribillar ke nan, kuma ka yi asarar miya. Balear kuwa ta 'yan jarida ce, kada in ji ta a bakinka."

"Profe, su dai ba su yi gardama ba."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Janar ya buɗe littafi zai soma daga shafi na tara, sai Melquiades ya danƙa masa zomo ɗaya don ya samu hanya. Haka ilimi ke ciyar da mai shi.

To, a garinmu akwai harbi guda ɗaya da ba na wasa ba ne. Daga Yuni zuwa Satumba, da la'asar, wani irin hadari kan taso daga bayan dutse, baƙi wuluk daga sama, gindinsa kuma toka-toka. Wannan ba ruwa ya ɗauko ba, ƙanƙara ce. Cikin minti goma sai ta mai da gonar masara tsumma. Tun kakanni, da an hango shi sai a buga ƙararrawar coci, mai harbin hadari ya hau tudu ya sakar masa rokoki, irin na kara da albarushi da ake naɗewa da takarda, har ya watse ko ya sauya hanya. Ko rokar ce ke korarsa, ko iska, ko waliyyin gari, ba mu taɓa zaman gardama a kai ba. Muna harbawa dai.

Shekara arba'in Don Chon, mijin Doña Herlinda, ke wannan aiki, ita kuma tana tsaye a gefensa tana miƙa masa. A watan Fabrairu ya rasu. Ya bar mata mabuɗin rumfar rokoki, da ƙanenta mai cin abinci sau uku a teburinta, da gona guda a ƙarƙashin tudu, wadda ita ƙanƙara ke fara gaisarwa in ta sauko. A wannan gona take shuka shuɗiyar masarar mahaifinsu, irin da babu mai shi kuma a duk kwarin. Bara fari ya bar mata kwando ɗaya tak na iri, bana ta zuba shi duka a ƙasa. In ƙanƙara ta ci gonar, ba amfanin shekara kaɗai ya tafi ba. Irin ya ƙare ke nan har abada.

Da aka yi taron gari don naɗa sabon mai harbin hadari, maza suka shiga kallon takalmansu. Aiki ne ba lada, kuma duk damina ba ka da ikon yin nisa da gari bayan azahar. Idanu suna ta zuwa kan Doña Herlinda suna dawowa, amma ba a taɓa ba mace ba, kuma ba wanda ya so ya zama na farkon faɗa. Ana cikin wannan shiru sai aka ji gyaran murya. Abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

"Jama'ar San Fulgencio," in ji Janar, "shekara arba'in muna harbin sama cikin jahilci. Allah ya ji ƙan surukina, hannunsa na da kyau, amma har ya koma ga Mahaliccinsa tronar yake cewa. Tronar! Kalmar tsawa, kalmar kasuwa! Ta yaya hadari zai girmama garin da bai san abin da yake yi masa ba? Roka ba ta da kunama, don haka masana sun rabu biyu: wasu sun ce disparar, wasu sun ce lanzar. Ni ne masanan, kuma na kusa sasanta su."

Awa ɗaya da minti goma ya yi. Rana ta take, cikin kowa na kuka. Da shugaban gari ya ce masu goyon baya su ɗaga hannu, har waɗanda suka yi barci sai da suka ɗaga. Doña Herlinda ta zaro mabuɗin daga aljihun zanenta ta miƙa masa. Tsofaffi suka dubi juna. Ko ba a gwada ba, linzami ya fi ƙarfin bakin kaza.

Gyara ya soma washegari. Mabuɗi ya samu jan ƙyalle, ya koma wuyan Janar, a saman kwat, inda kowa zai gani. Rumfar da ke kan tudu, wadda a da ba ta da suna sai rumfa, ta wayi gari da allo: Ofishin Tsaron Sararin Samaniya. Aka haramta kalmar tronar daga bakin coci har zuwa kan tudu. Aka buɗe aji kowace Asabar a barandar ofishin gari, inda dattawa uku ke zuwa ba fashi, biyu don inuwa, ɗaya don kurma ne kuma yana son ganin mutum na motsa hannu. Janar ya zana musu jadawali a allo, kalma goma sha bakwai, kowace da wanda ake yi wa ita da wanda ba a yi wa. Abu ɗaya ne kawai bai shiga jadawalin ba: akwatin rokoki. Shi ba a buɗe shi ba.

Wata safiya Doña Herlinda tana tafa tortiya, wainarmu ta masara, a kicin, yana zaune yana ɗaukar su daga kasko tun ba su huce ba. Ita kaɗai ce a duniya ke kiransa da sunan yarinta.

"Tacho, gobe sama garau za ta wayi gari. Zo mu hau tudu in nuna maka, ka saki guda biyu."

"Yaya, wanda ya rubuta littafi a kan abu, shi za a nuna wa abin?"

"Ban ce ba ka sani ba. Hannunka ne bai sani ba. Roka ba a damƙe ta. Yatsa biyu, sako-sako, kamar ka ɗauki ɗan tsako. Ka taɓa mata wutar taba, da ta fara huci sai ka buɗe hannu. Ita ta san hanya."

"Duk yana shafi na arba'in da ɗaya."

"Da sakin?"

"Saki ba kalmar harbi ba ce," in ji shi, ya kai hannu ga tortiya ta biyar.

Ta dube shi, ta dubi shuɗin ƙullun da ke hannunta. "Ci da kyau," ta ce. "Wannan da kake ci ita ce a gonar."

Gaskiyar magana, kuma Allah ya sani ba don a ci mutuncinsa ake faɗa ba, Janar yana da wata 'yar matsala da ƙara. In roka ta fashe, wani abu kan tsinke masa daga ƙeya har gwiwa. Tun yana yaro haka yake, ranar biki a ƙarƙashin gado ake samunsa. Da girma ya zo sai ya koyi dabara: duk ranar biki yakan kamu da nazari mai zurfi a ɗaki. Amma yanzu mabuɗi na wuyansa, kuma wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Ana gobe bikin waliyyi San Juan ya je kantin magani ya sayi ƙunshin auduga, ya bayyana wa mai kantin, ba tare da an tambaye shi ba, cewa sanyin damina na shiga kunnen masu yawan tunani. Ranar bikin ya tsaya gaban coci, ƙirji a waje, masu hidimar waliyyi suna ta sakin rokoki, shi kuwa ko gezau. Ya koma gida yana jin kansa kamar wanda ya ci gari da yaƙi. Ya gano sirrin jarumta, kuma a kantin magani ake sai da shi. Farin abin da ke leƙowa daga kunnuwansa kowa ya gani, amma mu mutane ne masu kara.

Yuni ya wuce lafiya, Yuli ma haka. Hadari ya yi ta zuwa da ruwa zalla. Janar ya sanar a aji cewa tun da aka gyara harshe sama ta shiga taitayinta. Masarar Doña Herlinda ta fi mutum tsawo, ta yi goyo, gemunta ya fito ja. Kullum da la'asar sai a ga matar a bakin ƙofa, hannu a goshi, tana kallon bayan dutse.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Wata Talata a tsakiyar Agusta, wajen ƙarfe huɗu, iska ta tsaya cik. Kaji suka shige akurki. Daga bayan dutse ya taso, baƙi daga sama, toka-toka daga ƙasa, yana tafe yana gurnani. Ƙararrawar coci ta ɗauka.

Don Chon, in ya ji wannan ƙararrawa, ko cokali ne a bakinsa da shi yake fita. Janar kuwa ya san darajar ofis. Ya sa kwat. Ya ɗaura jan ƙyalle. Ya shafa wa gashin baki mai, ya murɗa kowane gefe. Ya ɗauki littafi, ya ɗauki malafarsa ta zuwa coci, sannan ya juya baya ya cusa auduga, wannan karon ninki biyu, har duniya ta yi masa tsit kamar cikin rijiya. Yayarsa ta daɗe da fita a guje, da muciyar da take juya wake a hannunta, ta manta ba ta ajiye ba.

Da ya iso kan tudu rabin gari na can. Ga gonar shuɗiyar masara a ƙasa tana rawa, ga hadari ya rufe rabin sama, ga rumfa a kulle. Ya ga bakuna na motsi, hannuwa na nuna kwaɗo. Ya ɗaga tafi ɗaya don a natsu.

"Jama'a! Tarihi ba ya son gaggawa. Kafin a buɗe wannan ƙofa, wajibi ne mu san abin da za a rubuta cewa mun yi. Na kwana biyu ina auna lanzar da disparar. Na farko yana da ladabi, amma ba shi da haƙori. Na biyu..."

Ƙwayar ƙanƙara ta farko ta faɗo a kan allon ofis, ƙwal! Ta biyu ta sami littafin da ke hannunsa. Melquiades bai jira na biyun ya ƙare ba, ya kamo jan ƙyallen ya ja shi zuwa bakin ƙofa, da mabuɗin da Janar ɗin gaba ɗaya, don ba lokacin raba su. Aka buɗe kwaɗo Janar na sunkuye. Aka jawo akwati. Doña Herlinda ta zaro kwalin taba daga aljihu. Ba ta shan taba, amma tun ranar taron gari kwalin nan ke jikinta. Ta kunna ɗaya, ta yi tari, ta miƙa masa, ta sa masa roka a hannu.

Nan fa Don Eustaquio ya ga abin da ya rubuta wa shafi sittin da huɗu. Ba ta da nauyi. Kara ne siriri da ɗan ƙunshi a kai, tana warin ashana. Ya so ya mayar mata da ita. Amma idon gari na kansa, kuma a rayuwarsa abu bai taɓa shiga hannunsa ya kuɓuce ba: ba alli, ba kunnen ɗalibi, ba magana. Ya damƙe ta da yatsu biyar, irin riƙon da ya yi wa ƙarni guda na yaran San Fulgencio. Ya kau da kai, ya rufe ido ɗaya, ya kai wutar.

Ta kama. Ta fara huci, tana feshin tartsatsi a hannun kwat, tana fizga tana neman sama. Shi kuwa da ya ji tana fizga sai ya ƙara matsewa, don a saninsa abin da ke fizga horo yake nema.

"Saki, Profe!"

"Buɗe hannu!"

"Tacho, sake ta, don Allah!"

Bai ji ko ɗaya ba. Ya dai buɗe ido ya ga gari duka, maza da mata, baki a wangame, hannuwa a sama, wasu har da tsalle. Zuciyarsa ta cika. Shekara talatin da ɗaya yana koyarwa, ba a taɓa yi masa irin wannan jinjina ba. Ya ɗaga haɓa, ya ɗan rusuna musu.

Muciya ce ta cece shi. Doña Herlinda ta sauke masa ita a tsintsiyar hannu, da dukan ƙarfin mace mai niƙa tun tana 'yar shekara tara. Yatsu suka buɗe. Rokar ta fita a karkace, ta shafi kumatunsa na hagu, ta ɗauki malafar zuwa coci ta yi gaba da ita, ta je ta fashe can saman shingen gona. Malafar ta dawo ita kaɗai, a hankali, tana hayaƙi. Janar ya nemi wuri ya zauna a cikin laka, ba tare da ya duba ko akwai kujera ba.

Ba wanda ya kira taro, ba wanda ya ɗaga hannu. Matar ta tsinci tabar daga ƙasa, ta busa ta, ta ce, "Melquiades, miƙo." Yatsa biyu, sako-sako. Taɓa, huci, saki. Ta ɗaya ta tafi tsaye kamar an ja ta da zare, ta shige cikin baƙin ta fashe. Kafin ƙarar ta dawo daga dutse ta biyu na hanya. Ƙanƙara na dukan ta a ka da kafaɗa, ba ta ko sunkuya ba. Bakinta na motsi, amma ba ɗaya daga cikin goma sha bakwai ɗin nan take faɗa ba, sunan mijinta take kira da na mahaifinta. Sha biyu, sha takwas, ashirin da huɗu, har akwati ya nuna gindi.

Sai iska ta juya. Hadarin ya tsage biyu, rabi ya bi ta kan dutse inda ba kowa sai duwatsu, rabi ya sauko mana da ruwa, ruwa na gaske mai sanyi. Ƙanƙara ta ci kunya uku a gefen gonar, ta yayyaga su. Sauran duk suna tsaye, ganye na sheƙi. Doña Herlinda ta sauka, ta shiga tsakanin kunyoyi tana taɓa goyon masara ɗaya-ɗaya, kamar mai ƙirga jikoki bayan gobara.

Da ta hawo, ƙanenta na nan zaune. Ta sunkuya ta zare masa audugar, hagu da dama, ta sa a aljihunta kafin kowa ya matso. Duniya ta dawo masa da ƙarar ruwa. Ya taɓa fuska, ya tarar gefen dama na gashin baki na nan daram, gefen hagu kuwa ya riga mu gidan gaskiya. Ya yi gyaran murya, muryar ta fito 'yar siririya.

"Yaya, a rahoto, wace kalma za a ce an yi amfani da ita?"

"Rubuta cewa masara na nan," ta ce. "Tashi, wandonka ya jiƙe."

Kada a ce Janar ya faɗi. Babban mutum ba ya faɗuwa, sai dai ya sauya matsayi. Rahoton da ya kai ofishin gari shafi goma sha ɗaya ne, ya nuna yadda aka fatattaki hadari a ƙarƙashin jagorancinsa, bayan harbin gargaɗi da shi da kansa ya yi a karkace, da gangan, don a ruɗa abokin gaba. Ya aske sauran gashin bakin, ya ce haka masana ke yi yanzu a babban birni. Sannan, cikin karamcinsa, ya naɗa Doña Herlinda Mataimakiya ta Musamman Mai Kula da Ɓangaren Hannu, ya ba ta ajiyar mabuɗi, shi ya riƙe jan ƙyallen.

Saura aikin cika akwati. Don Nicanor, mai haɗa rokoki a San Matías, ya zo da jakinsa ya zauna a kicin ɗin Doña Herlinda, yana kukan cewa albarushi akwai, kara akwai, amma takardar naɗi ta zamani ba ta da ƙwari, jarida ce mai shan danshi. Matar ta ci gaba da juya tortiya. Can ta ce ya biyo ta ɗaki.

Da yamma Janar ya dawo daga aji, ya leƙa ƙarƙashin gado kamar yadda ya saba, don gaida ayyukansa. Wayam.

"Yaya! Ina littattafaina?"

"Wani mutum daga San Matías ya kwashe su."

"Duka?"

"Kwali shida. Ya ce bai taɓa riƙe irinsu ba."

Don Eustaquio ya dafa bango. Ya san ranar za ta zo, bai dai zaci daga San Matías wayewa za ta ɓullo ba. Sati shida ba wanda ya huta. A shagon aski, a bakin coci, a layin niƙa, magana ɗaya ce: annabi ba shi da daraja a garinsu, amma ga shi baƙi sun gane, kuma nan gaba kaɗan littafinsa zai shiga kowane lungu na kwarin nan.

Ba girin-girin ba, ta yi mai. Ranar San Miguel, ranar da ake fita gona a gasa masarar fari, gari duka ya hallara a gonar Doña Herlinda. Ta karya goyon farko, ta ɓare, ƙwayoyi shuɗi sun jeru ba giɓi. Ta ware na iri tun a tsaye, ta ɗaura musu zare. Don Nicanor ya kawo sababbin rokoki dozin goma, na akwati da na biki. Janar ya hau kan dutse ya yi jawabin godiya, rabinsa a kan masara, rabi a kan nasarar littafi. Yana sauka, ya ɗan juya baya ya gyara kunnuwansa, Mataimakiya ta Musamman ta kunna taba.

Rokoki suka yi ta tashi, tsaye, da ƙara mai daɗi irin wadda aka daɗe ba a ji ba. Bayan kowace ƙara sai 'yan guntayen takarda su yi ta saukowa, suna lilo, a kan gona, a kan hanya, a kan rufin coci, iska na kai wasu har ƙetaren rafi. Melquiades ya cafe ɗaya ya ƙura mata ido.

"Kai! Profe, ga acribillar ta faɗo!"

"Ni tirar na samu," in ji wata tsohuwa, "da rabin misali."

Nan take aka ga abin da ba a taɓa gani ba: mutanen San Fulgencio, manya da yara, sun sunkuya a cikin kunyoyi suna karanta Don Eustaquio Portillo. Wata guntuwa ta sauka a kafaɗar kwat ɗinsa. Ya ɗauka. Gefenta a ƙone, amma ana ganin haɓa, da hannun da ya tallafe ta, da gashin baki cikakke, hagu da dama. Ya daɗe yana kallo. Ya zare audugar a hankali, ya nemi yayarsa da ido. Tana can tana juya masara a kan garwashi, ta ba shi baya.

Sai ga Don Nicanor ya ratso jama'a, ya cire malafa, ya kama hannun Janar da hannu biyu yana girgizawa.

"Ashe kai ne mai littafin! Profe, Allah ya ƙara basira. Shekara talatin ina wannan sana'a, ban taɓa samun aiki mai kyau irin naka ba. In za ka sake bugawa, ni ne na farko a layi."

Janar ya gyara zaman kwat. Ko a cikin toka akan sami garwashi. "To," ya ce, "wane ɓangare ne ya fi burge ka?"

"Duka, Profe, daga bango har bango. Ga kauri, ga ƙwari, a bushe ƙamas. Kuma sabuwa fil! Wallahi ko shafi ɗaya ba wanda ya taɓa buɗewa."